Babi na Shida: Kiɗan da Sai an Sassaƙa Shi

A shekarar 1950, wani makaɗi Ba'amurke mai suna Harry Partch ya samu wasu manyan kwalaben gilashi daga ɗakin binciken nukiliya na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Kowace kwalba tana cin galan 12. Masana kimiyyar wurin tsakiyar kwalbar kawai suke bukata, da ita suke haɗa na'urar bin sawun ɓarɓashin ƙwayar zarra, saboda haka sai su yanke ta su bar kai da gindi. Waɗannan ragowar Partch ya kwashe. Ya rataye su da igiya a jikin wani firam na katako da ya fi mutum tsayi, suna reto kamar ƙore a rumfar mai sayarwa. In aka buga ɗaya da sanda mai laushin kai, sai ta ba da amo irin na ƙararrawa, mai sanyi, mai daɗewa a kunne.

Sai dai gilashi ba ya saituwa. Tsirkiya in ta saki a ɗaure ta, fatar ganga in ta yi sanyi a gasa ta, amma kwanon gilashi muryar da yanka ya ba shi ita ce tasa har ya fashe. Sun kuwa sha fashewa. Duk ranar da ɗaya ya fashe, ba a samun wanda zai maye gurbinsa daidai, dole Partch ya koma kan takardunsa ya gyara kiɗan da ya rubuta, ya daidaita shi da muryar sabon kwanon.

Na fara da wannan labari ne don rayuwar mutumin gaba ɗaya tana cikinsa. Ya ƙirƙiro kiɗan da ba ya rabuwa da katako da gilashi da gorar da aka yi shi da su, ba ya kuma rabuwa da jikin mai buga shi. Wannan ne ya ba kiɗan ƙarfin da yake da shi, wannan ne kuma ya kusa binne shi tare da mai shi.

An haife shi a Oakland ta Kalifoniya ranar 24 ga Yuni, 1901. Iyayensa 'yan mishan ne da suka yi aiki a ƙasar Sin kafin su dawo gida. Ya tashi a ƙananan garuruwan hamadar Arizona da New Mexico, yana jin mahaifiyarsa tana rera waƙoƙin Sinanci, yana jin na 'yan Meziko da na 'yan ƙabilar Yaqui. Yana saurayi ya riƙa buga piyano a gidan sinima, zamanin da fina-finai ba sa magana. Ya shiga jami'a don karanta kiɗa, bai daɗe ba ya fice. A 1923 ya ci karo da littafin Hermann von Helmholtz, masanin kimiyyar nan Bajamushe da ya yi bayanin yadda kunne yake karɓar sauti, daga nan ya daina yarda da piyano.

Dalilinsa yana bukatar ɗan bayani, kuma bayanin ba shi da wuya. Ɗauki tsirkiyar gurmi ko ta garaya. Kaɗa ta a sake ka ji muryarta. Danne ta daidai tsakiya ka sake kaɗawa. Muryar nan ce dai, amma ta haura sama, kamar uba da ƙaramin ɗansa suna rera waƙa ɗaya, wannan a ƙasa wancan a sama. Tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu ita Turawa suka raba mataki 12 daidai wa daida, a kan haka aka gina piyano da kusan duk kayan kiɗansu na yau. Rabon yana da amfani: mai piyano zai iya fara waƙa daga kowane mataki ya ga dama ba tare da ya sake saita kayan ba. Amma akwai farashi. Muryoyin da suke narkewa da juna tsaf a kunne su ne waɗanda girgizarsu ta dace da lissafi mai sauƙi, kamar 3 a kan 2, ko 5 a kan 4. Piyano kusantar waɗannan take yi, ba ta cika kai wa gare su ba. A wajen 5 a kan 4, ta zarce da kusan kashi 14 cikin 100 na mataki guda. Kunnen da ya saba ba ya damuwa. Kunnen Partch ya damu, har ya ɗauki abin a matsayin kurkukun da aka jefa kiɗan Turai ciki aka manta da mabuɗi.

Da ya bi lissafin nan ya faɗaɗa shi har zuwa lamba 11, sai ya tashi da mataki 43 a inda piyano take da 12. Mutane da yawa a nan saninsu game da shi ya tsaya: mutumin nan mai sauti 43. Shi kuwa lambar ba ta dame shi ba. Abin da yake bi shi ne muryar ɗan Adam in yana magana. Mai magana ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki, zamewa yake yi, ya ɗaga, ya sauke, ya karya. Mai karanta wannan littafi ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kai, tunda a harshenmu hawa da saukar murya suna cikin abin da ke raba kalma da kalma, kuma mai kalangu matsa tsarkiyoyin gangarsa yake yi a hammata har ta faɗi abin da baki zai faɗa. Partch ya tashi a al'adar da ta raba kiɗa da magana tun da daɗewa, sai da ya sha wuya kafin ya haɗa su.

A 1930, a birnin New Orleans, ya tattara duk kiɗan da ya rubuta a baya ya cusa a murhun ƙarfe ya ƙone. Sannan ya sa aka ɗauki biyola, wato yayar gogen Turawa, aka ƙara mata dogon wuya, ya riƙa riƙe ta tsakanin gwiwoyinsa yana ja yana rera waƙoƙin Li Po, tsohon mawaƙin Sin, cikin muryar da ke tsakanin magana da waƙa. Wannan ne kayan kiɗansa na farko. A 1934 ya samu tallafi ya je Ingila bincike, ya tsallaka Dublin ya gana da mawaƙi W. B. Yeats, wanda shi ma ya daɗe yana neman yadda za a rera kalma ba tare da kiɗa ya haɗiye ta ba.

Ya dawo Amurka a 1935 ya tarar da karayar tattalin arziki ta kwantar da ƙasar. Shekarun da suka biyo baya yawancinsu a ragaita ya yi su: hawa taragun jirgin ƙasa na kaya a ɓoye, tsinkar 'ya'yan itace a gonaki, wanke-wanke, kwana inda dare ya yi. Bai fito daga ciki hannu rabbana ba. Ya riƙa rubuta maganganun abokan ragaitarsa da hawa da saukar muryarsu. A 1941 ya ɗauki rubuce-rubuce takwas da masu neman a rage musu hanya suka bari a jikin shingen titi a wajen garin Barstow, ya mayar da su kiɗa. Tafiyarsa daga Kalifoniya zuwa Chicago ita ma ta zama kiɗa mai suna U.S. Highball. A 1949 littafinsa Genesis of a Music ya fito, inda ya shimfiɗa lissafinsa da hujjojinsa.

Tunda babu shagon da ke sayar da kayan da za su fitar da sauti 43, sai ya kama zarto da guduma. Yakan ce shi ba maƙerin kayan kiɗa ba ne, kiɗan ne ya ja shi cikin aikin kafinta. Kafin ya rasu kayan da ya ƙera ko ya sauya wa kama sun haura 20, kuma a nan nake so mu ɗan zauna, don ba a fahimtar wasanninsa sai an san su.

Akwai Kithara, wadda ya ɗauko siffarta daga molon tsoffin Girkawa ya kumbura ta har ta fi mutum tsayi. Tana da tsirkiya 72, jeri 12, kowane jeri shida. Mai kaɗa ta a kan dakali yake tsayawa, yana kai hannu sama da ƙasa, yana zura sandar gilashi a ƙarƙashin wasu tsirkiyoyin don muryar ta zame. Akwai marimba iri-iri, wato jerin katakai da ake bugawa, kowanne da akwatin da ke kumbura amonsa. Ɗaya ya jera katakanta 36 cikin siffar lu'ulu'u, yadda in ka ja sanda ta wannan kusurwa ka ji muryoyi masu haske, in ka ja ta waccan ka ji masu duhu: lissafin littafinsa ne ya shimfiɗa a katako, ido yana ganinsa. Wata ta gora ce, bututu 64 a jere hawa-hawa. Babbarsu ita ce Marimba Eroica, katakai huɗu kacal, amma kowanne a kan akwati mai girman gaske. Mafi zurfinsu yana girgiza kusan sau 22 a daƙiƙa, ƙasa da sautin ƙarshe na piyano. A wannan zurfi kunne ya kusa sallamawa, ƙirji da ciki da tafin ƙafa ne suke karɓar bugun. Mai bugawa sai ya hau dakali, ya ɗaga manyan sanduna masu nauyi ya sauke da dukan ƙarfinsa.

Sauran kuwa daga juji da shagon gwangwan suka fito. Ɗaya ya kira shi Ganimar Yaƙi, don a jikinsa akwai kwanson harsasan igwa na tagulla, a rataye, ana buga su kamar ƙararrawa. Wani an haɗa shi da kwalaben giya da marufan ƙafar mota. Wani da ƙwayayen fitilar lantarki da aka cire wa ciki, amonsu siriri kamar ɗigar ruwa. Akwai hancin tankokin man jirgin sama guda biyu, a tsaye kamar manyan malafuna. Wanda ya fi burge ni shi ne Bishiyar Duma: reshen itacen turare a tsaye, an kafa masa ƙararrawa 12 irin na wuraren ibadar Gabas, kowace a manne da dumanta, kamar 'ya'yan da bishiyar ta haifa. Sai tsohuwar ogan mai aiki da iska, wadda ya sake saita ta a kan matakansa 43, ya shafa wa madannanta launuka don makaɗi ya gane hanya.

Da gangan ya yi su da kyau, da gangan kuma ya yi su manya. Ya tsani yadda ake kiɗan manya a Turai da Amurka: makaɗa sanye da baƙaƙen kwat, a zaune, fuska a takarda, in kuwa wasan opera ne a tura su cikin rami a gaban dandamali don kada a gan su. A ganinsa wannan kiɗa ne da aka zare wa jiki. Nasa kiɗan ya kira shi na jiki, ya kuma nemo magabata a wasannin tsoffin Girkawa, da wasan kwaikwayon Sinawa da ya kalla a San Francisco, da Noh da Kabuki na Japan, inda waƙa da rawa da labari da ado duk abu ɗaya ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Partch so yake gani da ji su zauna tabarma ɗaya. Kayan da ya fi ƙarfin a buga shi a zaune zai tilasta wa makaɗi ya miƙe, ya tsuguna, ya juya ƙugu, ya yi taku daga wannan gefe zuwa wancan. Rawar tana cikin ƙirar kayan tun kafin a kira mai rawa. Ya sha gaya wa makaɗansa cewa wanda ya buga sauti daidai amma ya tsaya kamar gungume, bai buga daidai ba.

Samun masu rawa da za su fahimci haka ya zame masa ciwon kai. A 1957 aka nuna wasansa The Bewitched a Jami'ar Illinois, Alwin Nikolais ne ya tsara rawar. Nikolais gwani ne, amma shi siffa da haske da motsi tsantsa yake so, Partch kuwa labari yake so, da makaɗa a tsakiyar labarin. Jama'a sun yaba, shi ya fita da ɓacin rai yana ganin an yi wa aikinsa fashi. Ba a nan kaɗai ya yi rigima ba. Mutum ne mai zafin zuciya, mai wuyar sha'ani, ya ɓata da mutane da dama da suka taimake shi. Ina ganin duk da haka a wannan rigima yana da hujja, don wanda ya kwashe shekaru yana fitar da makaɗa daga rami ba zai ji daɗin ganin an mayar da su 'yan rakiya ba.

Inda burinsa ya fi kusa da cika shi ne Delusion of the Fury, wanda ya rubuta a 1965 da 1966, aka fara nuna shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Janairun 1969, almajirinsa Danlee Mitchell yana jagorantar makaɗa. Babu zanen gida ko na daji a bayan dandamali. Kayan kiɗan su ne adon wurin: Kithara a tsaye kamar ƙofar gari, kwanonin gilashi suna ƙyalli, Bishiyar Duma, manyan akwatunan Eroica. Makaɗa sun yi shiga ta musamman, su ne kuma 'yan amshi, suna tashi daga wannan kaya su koma wancan. Kalmomin wasan kaɗan ne, yawancin abin da ake rerawa sautuka ne marasa ma'ana da ya ƙirƙira don amonsu, labarin kuwa jikin masu rawa ne yake ba da shi.

Kashin farko daga wasan Noh na Japan ya samo tushe. Wani jarumi ya kashe saurayi a fagen yaƙi, nadama ta kama shi, ya tafi ziyara wurin da abin ya faru. Ɗan mamacin shi ma ya zo, yana fatan ganin fuskar uban da bai sani ba. Fatalwar mamacin ta bayyana, fushi ya taso mata, aka sake yin faɗan, a ƙarshe ta saki takobi ta yafe. Ba a tashi hutu ba, kiɗa ya ci gaba har ya shigar da jama'a kashi na biyu, wanda tatsuniya ce ta Habasha da ya samo a wani kundin labaran Afirka. Wani ɗan ragaita kurma yana dafa abincinsa a gefen hanya. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta zo tana cigiyar ɗan akuyarta. Bai ji me ta ce ba, ya yi mata nuni da hannu ta tafi ta ba shi wuri. Ita kuwa ta ɗauka kwatance ya yi mata, ta bi wajen, ta kuwa tsinci ɗan akuyar yana ɗingishi. Ta dawo yi masa godiya, shi ya zaci zarginsa take yi da karya ƙafar dabbar. Hayaniya ta kaure, jama'a suka taru, aka kai su gaban alƙali. Alƙalin shi ma kurma ne, ga shi ba ya gani sosai. Ya dube su, ya ɗauka miji da mata ne suke rigima, ɗan akuyar kuma jaririnsu, ya umarce su su koma gida su zauna lafiya.

Ana dariya a wurin, amma haɗin biyun ba na wasa ba ne. A kashi na farko matacce ya sulhunta da wanda ya kashe shi, a na biyu rayayyu sun samu sulhu ta hanyar rashin fahimta. Masu rawar da suka fito a na farko su ne suke fitowa a na biyu. Kuma ɗan ragaitar nan da ba ya jin abin da duniya take gaya masa, duniya ma ba ta jin nasa, da wuya a kalle shi ba a tuna da wanda ya rubuta wasan ba. Ya kamata a faɗi cewa kiɗan ba na Habasha ba ne, ba kuma na Japan ba. Labaran ya ara, sautin nasa ne, daga katakonsa da gorarsa.

Kamfanin Columbia ya ɗauki wasan a faifai, sunan Partch ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Amma faifai rabin abin yake ɗauka, kuma rabin da ya bari shi ne wanda mutumin ya ba wa rayuwarsa. A nan matsalar take. Mai rubuta wa piyano kiɗa zai aika takarda ko'ina a duniya a buga. Kiɗan Partch kuwa a zamaninsa kaya ɗaya ne tak a duniya suke iya fitar da shi, kayan da sai an cika babbar mota kafin a motsa su, masu jin zafi da sanyi da laima, masu bukatar ɗaki mai faɗi da haya. Takardunsa ma ba a karanta su yadda aka saba, kowane kaya da irin rubutunsa, saboda haka duk wasa sai an koyar da makaɗa daga farko, watanni ana fama, in an gama su watse. Ya yi ta yawo da wannan nauyi: Wisconsin, wata tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Sausalito inda ya riƙa buga faifansa da kansa yana sayarwa ta gidan waya, Illinois, sannan kudancin Kalifoniya. Laima da ƙaura sun lalata wasu kayan, ya sake gina su. Ya rasu a San Diego ranar 3 ga Satumba, 1974.

Ya bar wa Danlee Mitchell kayan. A 1990 suka koma hannun Dean Drummond, wanda yana matashi ya yi kiɗa a wasan 1969. Drummond ya samar musu masauki a Jami'ar Montclair da ke New Jersey, ya koyar da ɗalibai, ya rubuta musu sabon kiɗa. Da ya rasu a 2013 sai tambayar ta dawo sabuwa, wa zai ɗauka, a ina za a ajiye. A 2014 aka kai su Jami'ar Washington da ke Seattle. Shekaru da dama, duk wanda yake son ganin manyan wasannin Partch da idonsa sai ya jira ranar da waɗannan tsofaffin katakai suka samu fita.

Mafita ta zo daga masu kwafi. A Los Angeles wata ƙungiya ƙarƙashin John Schneider ta ƙera nata kayan bisa ƙirarsa, har ta ci kyautar Grammy a 2015 da faifan kiɗansa. Babban aikin kuwa a Jamus aka yi shi. Ƙungiyar makaɗa ta Musikfabrik da ke Kolon ta ɗora wa makaɗi kuma maƙeri Thomas Meixner aikin sake ƙera kayan gaba ɗaya, makaɗan ƙungiyar kuma, waɗanda kowannensu gwani ne a nasa kayan na Turai, suka koma ɗalibai: mai busa ya koyi bugu, mai goge ya hau dakalin Kithara. A Agustan 2013 Heiner Goebbels ya shirya Delusion of the Fury a bikin Ruhrtriennale, cikin Jahrhunderthalle ta birnin Bochum, wani katafaren zaure da a da yake ba masana'antar ƙarfe wuta. Shi ne karon farko da aka nuna wasan a Turai, shekara 44 bayan na Los Angeles. A 2014 suka kai shi Edinburgh. A 2015 aka loda kayan da aka sassaƙa a Jamus, da marimbobin da Bishiyar Duma da kwanonin gilashi, aka tsallaka teku da su zuwa New York, aka jera su a dandamali a ƙasar da aka haifi Harry Partch.